Kafin ka sayi sabon bateri, bari mu duba keken naka

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka, ka ce ka sayi keken lantarki na hannu wata bakwai da sunka wuce, kana zaune unguwar Talladje nan Yamai kana aiki Harobanda ƙetaren kogi, da farko sharji guda na kai ka shi maido ka har kwana biyu, yanzu kuwa tunda bazarar ga ta kama ko dawowar yini guda sai da feda kake ƙarasawa, wani lokaci ma bisa gadar Kennedy shike ɗaukewa kana tsakar motoci, kana tambaya ko baterin ne ya mutu ka sayi sabo, da kuma yadda ake kula da keken gaba ɗaya. To ni dai aikina kenan, gyaran keke da moto na fara a Tawa, daga baya na koyi aikin bateri da sola, yau shekaru ina nan Yamai ina buɗe irin kekunan ga, don haka zan gaya ma abin da hannuna ya taɓa.

Dan Allah kar ka yi gaggawar sayen bateri tukuna, shi ne abu mafi tsada a jikin keken, kuma na sha ganin wanda ya zuba kuɗɗinshi ya sayi sabo alhali laifin na wani wuri daban. Fara da abin da ba ya cin ko dala. Duba iskar taya, adadin da take so na rubuce a gefenta, ka sa mai faci shi auna da abin awo kar shi matsa da yatsa kawai shi ce ta yi. Taya mai laushi na shan bateri sosai, kai ba za ka ji ba tunda moter ne ke wahalar, da keken feda ne da tuni cinyoyinka sun gaya ma. Sannan ka ɗaga ƙafar gaba ka juya ta da hannu, ka ɗaga ta baya ma haka, ka saurara. In ka ji shii shii ko ka ga ta tsaya nan take to birki na gogawa, kullum kana tafiya kamar wani ya riƙe ka ta baya. Ta baya mai moter daman ba ta sakin jiki kamar ta gaba, amma dai bai kamata ta ƙage ba.

In waɗannan lafiya lau, sai mu zo ga bateri, kuma nan sai ka san wane iri gare ka don kulawarsu ba ɗaya ba ce, wani wurin ma kishiyoyi ne. Akwai na dalma, baƙaƙen nan masu nauyi ƴan bolt 12 da ake jerawa huɗu su ba da 48 ko biyar su ba da 60, yawanci ƙarƙashin wurin aje ƙafa ko ƙarƙashin sirdi suke. Akwai kuma na lityom, marar nauyi, kana iya zare shi da hannu guda ka shiga da shi ɗaki, cikinshi ƴan ƙananan batura ne da yawa irin na cikin tsofaffin baturan kwamfuta an haɗa su rukuni rukuni, da wani ɗan allo da ake ce ma BMS mai tsaronsu kar su cika fiye da ƙima ko su ƙare tas. Duba takardar da anka liƙa a jikinshi, za ka ga bolt da Ah, wato awon yawan kuran da shike ɗauka. Ka ninka su biyun shi ne girman tankinka, misali 48 sau 12 ya ba da 576, ke nan kaɗan ya wuce rabin kilowat guda na awa. Keke mai tafiya da akselerater kaɗai ba feda kan ci wajen 15 zuwa 20 daga cikin 576 ɗin nan a kowane kilomita, to ka ga sabon bateri irin wanga wajen kilomita 29 zuwa 38 zai kai ka, ba 60 ko 70 da mai saidawa ke faɗi ba, su nasu lissafin da ƙaramin mutum ne bisa gudron mai santsi shina taka feda.

Ka nemi miltimetir, wato na'urar awon kuran, ko ara ne wurin masu gyaran rediyo ko masu sola, ka sa shi wurin awon DC bisa 200. Fara auna bakin sharja tana haɗe da kuran ba bateri. In lityom ne na 48 ya kamata ka ga 54.6, in na 36 ne ka ga 42, don kowane rukuni 4.2 ne cikarshi, na 36 rukuni 10 ne na 48 kuwa 13. (Akwai wani irin lityom mai ƙarfe da fosfat da lambobinshi sun sha bamban, 3.65 ne cikar rukuninshi, in shi ne gare ka za ka ga LiFePO4 a rubuce, sai ka bi abin da ke jikin sharjarshi.) Wasu sharjojin ba su fitar da komi sai sun ji bateri, in ka ga sifiri kar ka ce ta mutu, auna baterin kawai lokacin da fitilarta ta koma kore. Idan sharjar lityom ta 48 na tsayawa 52 ko 53 to baterinka bai taɓa cika ba, laifin nata ne, kuma sauƙi ya zo ma. In ta yi daidai, cika baterin, cire shi ka bar shi awa guda shi huta, sannan ka auna. Lafiyayyen lityom na 48 na zama kusa da 54. Wanda ya sauko 51 ko 50 shi kaɗai ba a hau shi ba, akwai rukunin da ya gaji a ciki ko kuma rukunan sun rarrabu wani ya riga wani cika.

Ɗaukewar da ka ce shina yi ma bisa gada ita ta fi ja min hankali. Wurin hawa ne moter ke jan kuran da yawa, bateri mai rauni sai ƙarfinshi shi faɗi lokaci guda, kontirola, wato akwatin da ke raba ma moter kuran, ko BMS su ga ya yi ƙasa da iyaka, wajen 41 ko 42 ga na 48, sai su yanke. Ka tsaya minti biyu ka murɗa kontak sai ka ga ya dawo da sanda biyu ko uku a ekran kamar ba abin da ya faru. In haka naka ke yi to alamar rauni ce a bateri, ko kuma, kuma wanga shi nike so ka duba da kyau, haɗin waya ne ya saki. Fish ɗin da ke tsakanin bateri da keke, da gidan fizibil, in sun yi baƙi ko robar ta narke ko ka taɓa ka ji zafi bayan tafiya, nan ƙarfin ke zubewa. Akwai wani bawan Allah mai kai burodi da ya zo min da kuɗɗin sabon bateri a aljihu, da munka buɗe ashe gidan fizibil ne ya ƙone rabi, munka canza, ya koma da kuɗɗinshi gida.

Rarrabuwar rukunai kuwa wani lokaci tana gyaruwa da kanta, ka bar shi bisa sharja awa biyu ko uku bayan fitila ta yi kore, kana kusa kana dubawa, ka yi haka sau uku ko huɗu a jere, don yawancin BMS sai a ƙarshen cika suke daidaita rukunan kuma a hankali suke yi. In bai canza ba sai a buɗe a auna rukuni rukuni, wanga kuma ba aikinka ba ne, kar ka sa wuƙa ko turnabis ka ɓalle shi, kuskure guda waya ta taɓa waya wuta ce. In na dalma ne aikin ya fi sauƙi, auna kowane guda shi kaɗai bayan ya cika ya huta, 12.8 zuwa 13 ake nema, kusan kullum za ka tarar guda ne ya mutu shina jan sauran ƙasa. Amma fa in sun kai shekara a canza su duka tare, sabo guda cikin tsofaffi ba ya daɗewa, su za su cinye shi.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi damuna, don ko ka sayi sabo in ba ka canza wanga ba bazara biyu ba zai gani ba. Zafi. Kekunan ga an ƙera su ne ana lissafin digiri 25, mu kuwa Afrilu da Mayu nan Yamai 42, 43 har 45 muke gani a inuwa, a inuwa fa, to ina ga baƙin akwati da anka aje cikin rana tun ƙarfe takwas har la'asar. Lityom bai kamata a sa mishi sharji ba in zafin jikinshi ya wuce 45, na dalma kuwa abin da masana sunka sani shi ne duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 bisa 25 na raba kwanakinshi biyu, ruwan cikinshi ke bushewa. Abin da mutanenmu ke yi kullum, mutum ya dawo ƙarfe biyu na rana keke ya sha gudu ya sha rana, bateri kamar an fiddo shi daga tanda, nan take shi cusa sharja don tsoron kar a ɗauke kuran. Wallahi na gane dalilin, amma wanga shi ke kashe baturan garin ga fiye da komi. Bar shi shi huce ko minti 40 ne ko awa guda, sa bayan hannunka ka ji ya koma daidai da ɗakin sannan ka haɗa. Lokacin da ya fi shi ne bayan isha'i kana farke, ko da asuba. Wurin aiki ka nemi gindin dogon yaro ko rumfa, in kuma baterin mai zaruwa ne ka shiga da shi biro ka aje ƙasan tebur, ba wanda zai hana ka. Kar ka aje shi cikin ɗakin tol da rana ka rufe, kar ka lulluɓe shi da bargo ko buhu wai don ƙura lokacin da shike shan sharji, ita ma sharjar haka, ka aje ta bisa siminti inda iska ke ratsa ta.

Sai maganar cikawa da ƙarewa. Lityom ba ya son a tatse shi har shi mutu, in ka ga saura sanda guda ka taimaka da feda ka isa gida, kuma ba ya son zama cike fal kwana da kwanaki cikin zafi. In za ka yi tafiya ƙauye wata guda, bar shi wajen rabi, ka cire shi daga keken, ka aje wuri mafi sanyi a gidan. Na dalma kuwa akasin haka ne, shi a cike ake aje shi, kuma duk ranar da ka hau keken ka cika shi a daren, in ya kwana biyu uku babu sharji wani farin gishiri ke kama farantan ciki ba ya sake ɗaukar kaya kamar da. Mutane da yawa na jin shawarar ɗayan su ɗora ma ɗayan, shi ya sa na ce ka fara sanin naka.

Sharja kuma kowane bateri da tashi. Ta dalma ta 48 na kaiwa wajen 58 ko 59, ka sa ta bisa lityom mai tsayawa 54.6 don kawai bakin ya shiga, to BMS kaɗai ya rage tsakaninka da gobara. Kar ka ara ta maƙwabci sai ka karanta abin da ke bayanta ya yi daidai da taka, kuma ko bolt ya yi daidai wani lokaci ƙafar ja da baƙa a juye suke. Kuran namu 220 ne, amma kowa ya san yadda shike dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa, don haka in an ɗauke ka zare sharja daga piriz, in an maido ka jira ƴan mintoci sannan ka mayar, in kana da regilater irin na firigo ma ya fi. Sharjar ampa 2 wajen wat 110 take ci, bateri mai Ah 12 da ya ƙare zai ɗauki awa 6 ko ɗan fi, to ka ga ko ƙaramin sola na gida na iya ɗaukarta, sai dai in kombatiser ɗinka irin mai arhar nan ne ka taɓa sharjar ka ji, in tana ƙugi tana zafi fiye da yadda ka saba ka daina.

Kuma ina roƙonka don Allah, kar ka sa sharji ka kwanta barci da bateri a bakin ƙofar ɗakin da iyali ke ciki, ko bisa katifa ko kusa da bidon ɗin esans ko bitel ɗin gaz. Wutar lityom ba ta ba da lokaci kuma hayaƙinta guba ne. Duk ranar da ka ga ya kumbura, ko shina wani wari mai zaƙi zaƙi kamar na sinadari, ko shina zafi alhali ba a aiki da shi, ko ya faɗi ya tsage, fidda shi tsakar gida bisa rairai nesa da zana da yara, kar ka sake haɗa shi. In ya fara hayaƙi ku ja baya ku kira pompiye a 18.

To sai rairai, wanda ku ƴan Talladje ba sai an gaya muku ba. Moter na cikin taya in ya shiga rairai mai zurfi ka murɗe akselerater gaba ɗaya shina tafiya kamar hawainiya, mafi yawan kuran da shike ja zafi shike komawa, wayoyin ciki su gasu, kontirola ta ƙone, in kuma moter ɗin mai ƴan haƙoran roba ne a ciki su ma su cinye. Inda rairai ya yi yawa sauka ka tura, mita 50 ba za su kashe ka ba. Wurin tashi daga tsaye ma ka taka feda sau biyu uku kafin ka murɗa, nan ne ake jan kuran mafi yawa, in ka saba da haka da kanka za ka ga nisan ya ƙaru. Bayan tafiya mai wuya taɓa moter, in ba ka iya barin hannunka a kai to ka bar shi shi sha iska.

Duba wayar da ke fitowa daga aksin moter, wurin ga shi ne lagonshi. In keke ya faɗi ta wannan gefen ko notin aksi ya saki aksin ya juya, sai shi murɗe wayar ya yanke ta daga ciki. Akwai manya uku a ciki, rawaya da kore da shuɗi, da ƙanana biyar na ƴan na'urorin da ke gaya ma kontirola inda moter shike, in guda ya tsinke sai ka ji keke na kakkarwa shina gurnani ba ya tashi sai an tura. Duk sati ka sa kile ka ji notin nan biyu na baya a ɗaure tam suke, kuma in mai faci ya cire ƙafar baya ka tsaya a kanshi, ya cire fish da hannu kar ya ja waya, ya maido ƴan zoben ƙarfen nan na aksi masu ɗan harshe yadda ya same su, wayar kuma ta fito tana kallon ƙasa don ruwa kar shi bi ta ya shiga.

Ruwa kenan. Kar ka kai shi labaj su sa mishi tiyo mai ƙarfi, yana tura ruwa cikin rulma da ekran da akwatin kontirola, tsumma mai laima da tsohon buroshin haƙori sun isa, bateri a cire tukuna. Da damana, musamman Agusta in hanyoyi sun cika ko ƙoramar Gunti Yena ta kawo, ruwan da ya kai aksin taya kar ka shiga. In ya riga ya jiƙe kar ka kunna don gwaji, cire bateri ka bar shi kwana guda biyu shi bushe.

Birki ba wasa, keken ga ya fi na feda nauyi da gudu, ƙura da rairai kuma na cin palaket kamar me. Leƙa ka gani, in abin da ya rage ya kusa milimita guda canza, kar ka jira sai ƙarfe ya fara cin diski. Mai ko giris kar su taɓa diski ko kaɗan. In birkin na mai ne karanta murfin, wani man DOT shike sha wani kuma mai na daban da ake ce ma mineral, in ka haɗa su robobin ciki za su lalace. Akwai kuma ɗan makunni a hannun birki mai yanke moter in ka matsa, in ƙura ta sa ya maƙale sai ekran shi kama komi lafiya amma keke ya ƙi tafiya, mutane su ce moter ya mutu, alhali zare ƴar wayar birkin kawai za a yi a gwada. Reyon na ƙafar baya su ma suna saki saboda nauyin moter da ramukan hanya, ka matsa su bibbiyu da yatsa duk wata, wanda ya yi laƙwas a ɗaure shi kafin shi karye shi ja ƴan'uwanshi. Sarƙa kuwa a garin ga mai kaɗan take so, ɗiga, juya feda, goge da tsumma har ta kusa bushewa, baƙin man bidanj da ake labta mata rairai kawai shike tarawa shi zama kamar dutsen wasa wuƙa. Saboda ƙaya da tsidau, in ka samu ruwan nan da ake zubawa cikin shambar mai toshe ƙananan huda ka sa, don facin ƙafar baya a keken ga aiki ne.

In duk ka bi waɗannan ya tabbata baterin ne, to ka sayi mai bolt daidai da naka, Ah na iya fin na da in wurin zai ɗauka, ka ɗaga ka ji nauyi, wanda anka rubuta ma Ah 20 ko 30 amma shina da sauƙi kamar bulon sabulu ƙarya ce, ka nemi a auna shi gabanka kuma a rubuta ma garanti a takarda. Tsohon kar ka jefa shi bola ko ka ba yara, kawo ma masu aikin bateri. Amma kafin nan turo min abu huɗu, abin da ke rubuce jikin baterin, abin da ke bayan sharja, awon da ka samu awa guda bayan ya cika, da awon da ka samu da ka iso gida da yamma kafin ka sa sharji, daga nan zan iya gaya ma ko gyara ne ko saye.